Maraya, Bindiga da Burodi: Fim ɗin Daratt a Ma'aunin Shari'ar Laifuffukan Yaƙi

Gabatarwa

Duk ƙasar da ta fito daga yaƙin basasa takan tarar da wata tambaya tana jiran ta a bakin ƙofa, wato yaya za a yi da waɗanda suka zubar da jini alhali suna raye, an san su, an kuma san gidajensu? Masana shari'a sun amsa wannan tambaya ta hanyar kafa kotunan ƙasa da ƙasa, tun daga ta Nuremberg a 1945 har zuwa Kotun Hukunta Manyan Laifuffuka ta Duniya, wato ICC, wadda yarjejeniyar da ta kafa ta ta fara aiki a 2002. Masu fasaha kuwa nasu salon amsar daban ne, domin sukan ɗauki mutum guda su ɗora masa nauyin da ya kamata a ce hukuma ce ta ɗauka, sa'an nan su zuba masa ido.

Wannan takarda za ta dubi fim ɗin Daratt na Mahamat-Saleh Haroun, wanda ya fito a 2006, ta auna shi da shari'ar da aka yi wa tsohon shugaban ƙasar Chadi, Hissene Habre, a birnin Dakar tsakanin 2015 da 2016. Ra'ayin da za a kare shi ne, fim ɗin ya gano raunin kotunan ƙasa da ƙasa shekaru tara kafin a buɗe zaman Dakar, amma a ƙarshensa ya kauce wa abu guda wanda kotu kaɗai ta iya samarwa.

Zubin Labari

An haifi Haroun a Abeche a 1961, yaƙin basasa ne kuma ya raba shi da ƙasarsa, ya bi ta Kamaru ya kai Faransa. Daratt shi ne dogon fim ɗinsa na uku, bayan Bye Bye Africa na 1999 da Abouna na 2002, ya kuma sami lambar yabo ta musamman daga alƙalan bikin finafinai na Benis a 2006. Da Larabcin Chadi da Faransanci aka yi shi, kuma an fassara sunansa da ma'anar rani.

Labarin ba shi da rassa da yawa. Wani tsoho makaho da jikansa Atim, saurayi ɗan kimanin shekara 16, suna zaune gaban rediyo suna jiran sakamakon aikin wata hukumar gaskiya da adalci, sai aka sanar da cewa an yi wa duk masu laifin yaƙi afuwa. Gari ya hargitse da harbe-harbe, abin da mai kallo zai gani bayan ƙura ta lafa shi ne takalman mutane warwatse a kan titi. Tsohon ya miƙa wa jikansa bindiga, ya aike shi Njamena ya kashe Nassara, mutumin da ya kashe uban Atim tun kafin a haife shi. Da Atim ya isa sai ya tarar Nassara ya zama mai gidan burodi, yana zuwa masallaci, yana raba wa yara sadakar burodi a ƙofar gidansa. Yana da matashiyar mata mai ciki, sunanta A'isha, kuma ba ya iya magana sai ya ɗora wata 'yar na'ura a maƙogwaronsa saboda raunin da aka yi masa a wuya lokacin yaƙi. Nassara ya ɗauki Atim aiki, ya koya masa kwaɓi da gashi, har daga baya ya nemi ya riƙe shi a matsayin ɗa.

Sunayen taurarin ma ba a banza aka zaɓe su ba. Atim daga kalmar Larabci ta yatim take, wato maraya. Shi kuwa Nassara, kunnen Bahaushe zai ji sunan da muke kiran Bature ko Kirista da shi, alhali mutumin Musulmi ne ɗan gari, kamar dai mai fim yana nuna cewa abin da ya aikata ya mayar da shi baƙo a cikin danginsa.

Jigo: Afuwar da ba ta Mai Haƙƙi ba

Ƙwayar jigon Daratt tana cikin mintocinsa na farko. Hukuma ta yafe abin da ba nata ba ne. A fahimtar al'ummar da aka gina labarin a kanta, wadda ba ta yi nisa da tamu ba, jinin wanda aka kashe haƙƙin magadansa ne: su ke da zaɓin ƙisasi ko diyya ko yafewa, aikin hukuma shi ne ta tabbatar da laifi ta kuma zartar da abin da ya dace. Idan hukuma ta tsallake tabbatar da laifi ta faɗa kan yafewa, to ba ta kashe maganar ba, ta dai sauke ta daga kanta ta ɗora wa wanda ya fi kowa rauni. A nan kayan ya faɗa kan yaron da ko fuskar ubansa bai taɓa gani ba.

Wannan giɓi ne aka kafa kotunan ƙasa da ƙasa don su cike. Hujjar kafa su ita ce, akwai laifuffukan da gwamnatin ƙasa ba za ta hukunta ba, ko don ba ta da iko, ko don hannunta na ciki, saboda haka a samar da alƙalin da ba ya cin albashinta. Hujja ce mai kyau a takarda. Sai dai mu ga yadda ta kasance a ƙasar da Haroun yake magana a kanta, ko da yake bai ambaci sunan Habre a fim ɗin ba.

Doguwar Hanyar Dakar

Habre ya mulki Chadi daga Yunin 1982 zuwa Disambar 1990, lokacin da Idriss Deby ya kifar da shi ya gudu Senegal. Hukumar bincike da sabuwar gwamnati ta kafa ta ƙiyasta a 1992 cewa mutane kusan 40,000 ne suka halaka a ƙarƙashin mulkinsa, da yawansu a hannun 'yan sandan ciki da ake kira DDS. Ɗaya daga cikin gidajen yarinsu tafkin wanka ne na zamanin Turawa da aka rufe samansa da kankare aka yayyanka shi ɗakuna. An gallaza wa mutanen kudu a 1984, aka koma kan Hajarai a 1987, sa'an nan Zagawa a 1989.

Kotun ICC ba ta da hurumi a kan ko ɗaya daga cikin waɗannan, domin ba ta duba abin da ya auku kafin 1 ga Yulin 2002. Sai waɗanda suka tsira, irin su Souleymane Guengueng da Clement Abaifouta, tare da lauyarsu Jacqueline Moudeina, suka shiga neman kotu ƙofa-ƙofa. Sun shigar da ƙara a Dakar a farkon 2000, wani alƙali ya tuhumi Habre, manyan kotunan Senegal suka ce ba su da hurumi. Suka nufi Beljiyam, wadda ta ba da sammacin kama shi a 2005. Tarayyar Afirka ta umarci Senegal a 2006 da ta yi masa shari'a da sunan Afirka, gwamnatin Abdoulaye Wade ta tsaya cinikin kuɗin da za a kashe na tsawon shekaru. Kotun ECOWAS ta ce a 2010 sai dai a kafa kotu ta musamman. A Yulin 2012 Kotun Duniya mai shari'a tsakanin ƙasashe ta umarci Senegal da ta gurfanar da shi ko ta miƙa shi ba tare da jinkiri ba. A shekarar ce kuma Macky Sall ya hau mulki, wanda shi ne ainihin abin da ya sauya lissafi. Aka buɗe kotun musamman ta Afirka a cikin tsarin shari'ar Senegal a 2013, aka fara zama ranar 20 ga Yulin 2015, aka yanke wa Habre ɗaurin rai da rai ranar 30 ga Mayun 2016.

Mai karatu ya yi wannan ɗan lissafi. Yaron da aka haifa a 1990, shekarar da Habre ya faɗi, shekararsa 16 lokacin da Daratt ya fito, wato sa'an Atim ke nan. Ranar da aka buɗe zaman Dakar ya kai 25. Kakansa kuwa da wuya ya ga wannan rana. Jinkiri shi ne babban ciwon shari'ar ƙasa da ƙasa, kuma ba Chadi kaɗai ya shafa ba. Slobodan Milosevic ya mutu a tsare a Heg a 2006 ana shekara ta biyar da fara shari'arsa, ba a kai ga hukunci ba. Laifuffukan Darfur na 2003 da 2004 sai a Oktoban 2025 ICC ta sami mutum na farko da laifi a kansu, wato Ali Kushayb. Umar al-Bashir, wanda ta ba da sammacin kama shi a 2009, ya ziyarci Njamena a 2010 da Abuja a 2013 ya koma gida lafiya, domin kotun ba ta da ɗan sanda ko guda, sai abin da gwamnatoci suka ga damar yi mata. Mu nan ma mun ga Charles Taylor ya yi kusan shekara uku a Kalaba da sammacin kotun Saliyo a kansa, sai da siyasa ta juya a 2006 aka kama shi a Gamborun Ngala.

A nan salon Haroun ya yi rawar gani. Fim ɗin yana tafiya a hankali har mai gajen haƙuri ya ƙosa. Magana kaɗan ce, kallo ya fi yawa. Sau da dama Atim yakan sami sarari, bindiga na jikinsa, Nassara ya juya masa baya, amma ba ya harbi. Wani zai ce jan labari ne kawai. A ganina jinkirin da kansa shi ne saƙon, domin yana nuna abin da lokaci yake yi wa ƙara. Kowace safiya da suka kwana suna gashi tare, Nassara yana ƙara zama mutum a idon Atim: ga ciwon baya, ga tsufa, ga ɓarin cikin da matarsa ta yi. Uban da aka kashe kuwa yana ƙara nisa, ba shi da murya, ba shi da fuska. Haka abin yake a kotu. Shaidu suna mutuwa, tunani yana dushewa, wanda ake tuhuma yana komawa dattijo mai farin rawani abin tausayi. Lokaci kullum a ɓangaren wanda ake ƙara yake aiki.

Nassara Ba Ya Cikin Takardar Tuhuma

Inda fim ɗin ya fi kaifi shi ne zaɓin wanda ya yi kisan. Haroun bai kawo mana shugaban ƙasa ko janar ba, mai gidan burodi ya kawo, wanda unguwa take ci daga hannunsa. Kotunan ƙasa da ƙasa kuwa an ƙera su ne don kan maciji. Dokar kotun Dakar ta ce a gurfanar da waɗanda suka fi kowa alhakin laifuffukan, daga ƙarshe kuma mutum ɗaya tak ya tsaya a gabanta. Masu gabatar da ƙara sun nemi wasu mutane biyar, ba a sami ko ɗaya ba, biyu daga cikinsu gwamnatin Chadi ce ta ƙi miƙa su. Ta gwammace ta yi musu tata shari'ar a Njamena, inda aka ɗaure jami'ai 20 na zamanin Habre a Maris ɗin 2015.

Dalilin ƙin ba ɓoyayye ba ne ga wanda ya san tarihin. Deby shi ne babban hafsan sojan Habre a 1984, lokacin da aka yi wa kudu ɓarna, kuma gwamnatinsa ce ta ba da kaso mafi tsoka na kuɗin tafiyar da kotun Dakar. Kotun da take cin tuwon mutum, da wuya ta leƙa ɗakinsa. Amurka da Faransa, waɗanda suka ɗaure wa Habre gindi da makamai saboda yana yaƙar Gaddafi, su ma cikin masu ba da gudummawa suka zauna. Ba wai ana nufin hukuncin da aka yanke ƙarya ne ba, hujjojin sun yi yawa. Ana nufin iyakar tuhuma tun farko siyasa ce ta shata ta. Irin wannan ƙorafi aka yi wa kotun Ruwanda da ke Arusha, wadda ba ta gurfanar da kowa daga ɓangaren da ya ci yaƙi ba.

Misalin Ruwanda ya ƙara fito da girman giɓin. Kotun Arusha mutum 93 ta tuhuma a tsawon rayuwarta. Kotunan gargajiya na gacaca, waɗanda suka zauna a filayen ƙauyuka har zuwa 2012, sun saurari ƙararraki kusan miliyan biyu, tare da duk aibin da aka same su da shi na rashin lauyoyi da tsoratar da shaidu. Tsakanin 93 da miliyan biyu nan ne Nassara yake zaune. Matar da aka kashe wa miji ba shugaban ƙasa take haɗuwa da shi a bakin rijiya ba, wanda ya riƙe igiya take gani, kuma wani lokaci daga gare shi take sayen abin kari.

Har ila yau akwai ma'ana a cikin 'yar na'urar maƙogwaron. Nassara shi ke zaɓen lokacin da zai yi magana, idan ya ga dama ya ɗaga na'urar, idan bai ga dama ba ya bar ta. Wanda ya bi shari'ar Dakar zai tuna yadda aka shigo da Habre ɗakin kotu da ƙarfin tsiya, sa'an nan ya zauna watanni cikin rawani da baƙin tabarau bai amsa tambayar kowa ba, bai ko kula lauyoyin da kotu ta naɗa masa ba. Kotu tana iya tilasta wa mutum zama, ba ta iya tilasta masa iƙirari.

Harbi a Sama

Yanzu sai mu zo inda nake da ja da mai fim. Da Nassara ya matsa sai ya nemi yardar dangin Atim kafin ya riƙe shi, sai Atim ya kai shi cikin hamada gaban kakansa. Tsohon ya sa aka tuɓe shi don ya ɗanɗani wulaƙanci, ya kuma ba da umarnin kisa. Atim ya yi harbi a sama. Makahon ya ɗauka an gama, ya kama hannun jikansa suka tafi, suka bar Nassara kwance a kan rairayi da ransa.

Masu sharhi da dama sun yaba wannan ƙarshe, kuma ta fuskar wasa ya cancanci yabo. Yaron ya sami mafitar da ba a tanadar masa ba, bai zama mai kisa ba, bai kuma zama ɗan wanda ya kashe ubansa ba. Wannan afuwa ta fi ta rediyo daraja nesa ba kusa ba, domin mai haƙƙi ne ya yi ta, bayan ya san mutumin ciki da waje, kuma da bindiga a hannunsa. Amma fa a kan me aka gina ta? A kan makantar tsoho. Mutum guda da ya san mamacin, wanda ya haife shi ya kuma yi rashinsa, shi aka yaudara. Zaman lafiyar zai ɗore ne muddin wani matafiyi bai zo ya ce ya sayi burodi a wurin Nassara ba. Bugu da ƙari, har fim ya ƙare mai kallo bai ji cikakken bayanin yadda aka kashe uban Atim ba, da dalili, da wanda ya ba da umarni. An yafe laifin da ba a karanta ba. Ta wannan fuska Haroun ya maimaita, a ƙaramin sikeli, kuskuren hukumar da ya buɗe fim ɗinsa da sukarta.

Abin da Daratt ya rasa shi ne ainihin abin da zaman Dakar ya samar, duk da jinkirinsa da ƙuncin tuhumarsa. Shaidu 93 suka yi bayani a gaban alƙalai ƙarƙashin jagorancin Gberdao Gustave Kam na Burkina Faso, ana kuma watsa zaman har Chadi. An gabatar da takardun DDS da masu binciken Human Rights Watch suka tsinta warwatse a tsohon ofishin hukumar a 2001, masu ɗauke da sunayen mutane 1,208 da suka mutu a tsare ko aka kashe. Abaifouta, wanda aka tilasta wa haƙa kaburburan 'yan uwansa fursunoni, ya faɗi abin da ya gani. Mata sun tsaya taku kaɗan daga Habre sun bayyana fyaɗen da aka yi musu, abin da a al'ummarsu ba ƙaramar jarunta ba ce. Bayan wannan ba wanda zai ƙara cewa ƙage ne. Da kakan Atim ya sami irin wannan zama, watakila da bai buƙaci jin ƙarar bindiga ba.

Da alama Haroun da kansa ya ji wannan giɓi, domin a 2016 ya dawo kan batun da fim na gaskiya, Hissein Habré, une tragédie tchadienne, wanda aka nuna a bikin Kan na Faransa. A cikinsa Abaifouta ne yake bin waɗanda suka tsira gida-gida suna ba da labarinsu da bakinsu, suna nuna tabon jikinsu. Mutumin da ya gina Daratt a kan shiru ya koma ya gina wani fim a kan magana zalla.

Sai dai ko maganar ba ta cika ciki. Cikin zaɓi ukun nan na magada akwai diyya, kuma a nan ne kotun Dakar ta fi jin kunya. Da aka tabbatar da hukuncin a ɗaukaka ƙara a Afrilun 2017, an yanke diyyar sefa biliyan 82 ga mutane 7,396, aka ɗora wa wani asusun Tarayyar Afirka nauyin tattarawa da rabawa. Kotun ta rufe ƙofa bayan ta gama aikinta, ba ta bar mai bin bashi ba. Habre ya mutu a Dakar a Agustan 2021 ba a biya kowa ko dala daga wannan hukunci ba. Sai a 2024 gwamnatin Chadi ta fara raba sefa biliyan 10.